Dutsen bai gusa ba, me ya sa damina ke sauyawa?

Wani malami da ke koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a yankin Bokkos na Jihar Filato, wanda kuma yake noman dankalin turawa kamar yawancin maƙwabtansa, ya aiko da wannan tambaya: "Muna koya wa yara cewa tsaunuka suna jawo ruwan sama, kuma shi ya sa Jos ta fi Bauchi samun ruwa. To tunda dutsen yana nan inda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba, me ya sa wata shekara marka ke yin yawa har dankali ya ruɓe a gona, wata shekarar kuma ruwa ya ɗauke ana tsakiyar damina? Kuma da gaske ne abin da muke ji a rediyo, wai wani zafi da ke tasowa a Tekun Fasifik yana da hannu a ciki?"

Malam, tambayarka ta riga ta ɗauko rabin amsarta, domin ka lura da abin da littattafan makaranta suka cika tsallakewa. Dutse ba ya ƙirƙirar ruwa, tatsa kawai yake yi. Kamar mai tatsar saniya ne: duk gwanintarsa, idan saniyar ba ta ci ta ƙoshi ba, abin da zai samu a ƙwarya kaɗan ne. Tsauni shi ke yanke hukuncin inda ruwa zai fi sauka, wannan gefe ko wancan, kuma wannan hukunci ba ya sauyawa daga shekara zuwa shekara. Amma yawan danshin da za a kawo masa, da fuskar da za a kawo shi, da ko sararin sama zai bar gajimare ya yi tsawo ko zai danne shi, duk waɗannan aikin manyan iskokin da ke kewaya duniya ne, kuma su ne ba sa maimaita kansu daidai wa daida.

Tatsar da dutse ke yi iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda kuke koyarwa: iska mai danshi ta zo ta ci karo da gangare, ba ta da hanya sai ta hau, kuma duk iskar da ta hau sama tana buɗewa tana yin sanyi, kimanin digiri 10 a kowace kilomita guda kafin tururin da ke cikinta ya fara zama gajimare, sannan digiri 5 zuwa 6 bayan haka. Idan ta gangara ɗaya gefen sai ta sake yin ɗumi ta bushe, ta bar mutanen bayan dutse da kallon hadari daga nesa. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili a kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, mai tsawon mita 4,040, wanda ke tsaye a bakin teku: ƙauyen Debundscha da ke gindinsa ta fuskar kudu maso yamma yana samun ruwa kusan milimita 10,000 a shekara, alhali garuruwan da dutsen ya kare ba sa samun ko rabin hakan. Haka Jos, da ke kan tudu mai tsawon mita 1,200 da wani abu, take samun kimanin milimita 1,300 zuwa 1,400, Bauchi kuwa da ke ƙasa ta gabas tana samun ƙasa da haka, yayin da gangaren kudu maso yamma, wajen Kagoro, ya fi su duka jiƙewa. Tatsa ta biyu ba a cika ambatarta ba, kuma a ƙasashenmu masu zafi tana da nauyi ƙwarai: da rana duwatsu suna yin zafi fiye da iskar da ke kewaye da su a tsayi ɗaya, sai iska ta riƙa hawa gangare ta kowane ɓangare tana haɗuwa a ƙololuwa, shi ya sa hadarin la'asar yakan fara haɗuwa a kan tsauni tun sararin kwari yana garau.

Yanzu mu koma ga saniyar. Danshin da ke shayar da Afirka ta Yamma daga Tekun Atilantika yake zuwa, kuma abin da ke jawo shi shi ne zafin Sahara. Daga watan Mayu zuwa Agusta hamadar da ke tsakanin arewacin Mali da kudancin Aljeriya da Muritaniya tana yin zafi matuƙa, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi, sai nauyin iska ya ragu a wurin, ya zama kamar wani wawakeken rami da iskar kewaye ke kwarara cikinsa. Iskar da ke tasowa daga kudancin Atilantika tana tsallake layin ikwaita, juyawar duniya ta karkatar da ita, ta shigo mana ta kudu maso yamma. Ita ce iskar bazara da manomi ke jin sanyinta da asuba ya ce damina ta kusa. Inda ta haɗu da busasshiyar iskar arewa maso gabas, wadda muka sani da hunturu, akwai wata iyaka da ke tafiya arewa sannu a hankali, har ta kai wajen digiri 20 arewa da layin ikwaita a watan Agusta, can cikin hamada. Sai dai ruwa mai yawa ba a kan iyakar yake sauka ba, domin a nan iskar danshin siririya ce, kamar bakin gatari da ya kutsa ƙarƙashin busasshiyar iska. Sai an koma kudu da ɗaruruwan kilomita, inda ta yi kauri, sannan gajimare ke samun abin da zai ci ya girma. Kuma tafiyar ba a jere take ba: a ƙarshen watan Yuni ɗamarar ruwan, wato yankin da ruwa ya fi sauka, takan yi tsalle daga bakin teku, wajen digiri 5, zuwa wajen digiri 10, wato daidai inda Jos take. Idan wannan tsalle ya yi jinkiri da mako biyu, mai gona a Filato zai gani a shukarsa.

Akwai wani abu da duk Bahaushe ya sani tun yana yaro, wanda kuma ya kamata ya ɗaure wa ɗalibanka kai idan ka gabatar musu da shi: idan danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, me ya sa hadari daga gabas yake tasowa? Dalili shi ne iskar da ke ƙasa daban, wadda ke sama da ita daban. A tsayin kilomita 3 zuwa 4 akwai wani kogin iska da ke gudu daga gabas zuwa yamma, wanda bambancin zafi tsakanin Sahara da ƙasashen kurmi ya haifar, kuma a tsakiyar damina yakan zauna wajen digiri 13 zuwa 15, kusan a kan Sakkwato da Maraɗi da Damagaram. Saɓanin da ke tsakanin iskar ƙasa da wannan kogi shi ke tsara hadari ya zama dogon layi mai ɗaruruwan kilomita, wanda ke zuwa da guguwa da ƙura a gabansa, ya zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya bar yayyafi a bayansa ya wuce yamma. Irin waɗannan manyan hadura su ke ba yankin Sahel mafi yawan ruwansa na shekara. Kogin iskar kuma ba a miƙe yake tafiya ba, yana lanƙwasa kamar maciji, kuma kowace lanƙwasa takan ɗauki kwana 3 zuwa 5 kafin ta wuce, abin da ya sa ruwan damina ke zuwa ya huta ya dawo. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna inda waɗannan hadura suka fi haihuwa, kuma wuraren duk tsaunuka ne: tuddan Habasha, Jabal Marra a Darfur, duwatsun Kamaru da Adamawa, Filaton Jos, da duwatsun Azbin a Nijar. Ke nan hadarin da ya haɗu a kanku da la'asar yana iya zama shi ne zai shayar da gonakin Neja da Kebbi cikin dare.

Sama da wannan akwai kogi na biyu, a tsayin kilomita 12 zuwa 15, shi ma daga gabas yake zuwa, amma mafarinsa na da nisa ƙwarai. Zafin da tudun Tibet ke ɗauka a lokacin bazara, tare da ɗumin da daminar Indiya ke saki cikin sararin sama, su ke tura shi ya ratsa Tekun Indiya ya bi ta kan Habasha har ya iso Afirka ta Yamma. Aikinsa ya yi kama da na tagar madafa. Idan hayaƙi yana samun mafita ta sama, wuta takan ci sosai. Idan aka toshe, sai ta yi ta turnuƙe ba ta kamawa. Idan wannan kogi na sama ya yi ƙarfi, yana kwashe iskar da hadari ya tura sama, sai wata ta biyo bayanta daga ƙasa, gajimare ya yi tsawo. Sharon Nicholson, masaniyar yanayi ta Amurka da ta shafe shekaru da dama tana nazarin ruwan saman Afirka, ta kwatanta shekarun damina mai albarka da shekarun fari, ta nuna cewa sifofinsu sun bambanta a fili. A shekara mai ruwa kogin sama yana da ƙarfi, kogin tsakiya, wato na farkon da na ambata, ya matsa arewa, iskar yamma ta ƙasa kuma ta yi kauri. A shekarar fari kogin sama ya yi rauni, kogin tsakiya ya tsaya kudu da inda ya saba, iskar danshi kuma ta zama siririya. A ganina wannan shi ne ginshiƙin amsar tambayarka, kuma ya fi dacewa a koya wa ɗalibai shi fiye da tsohon bayanin da ke cewa iyakar iskoki ce kawai ta kasa kaiwa arewa, domin akwai shekarun fari da iyakar ta kai inda ta saba kaiwa, ruwan ne dai bai zubo ba.

Batun kauri ya fi shafar mazauna tudu fiye da kowa. Iskar danshi takan kai kaurin kilomita ɗaya zuwa biyu, ku kuma kuna zaune a kan mita 1,200 zuwa sama, duwatsun Shere sun haura mita 1,800, Mambila tana wajen mita 1,600, Chappal Waddi kuwa mita 2,419. Idan iskar ta yi kauri, tana malale tudun baki ɗaya, hazo ya kwanta, rana ta yi kwanaki ba ta fito ba, marka ta zauna. Wannan sanyi da laima su ne abin da cutar da ke ƙona ganyen dankali ta ruɓar da shi take so. Idan kuwa ta yi siriri, sai ta jiƙa gangaren kudu maso yamma ta isa saman tudun a gajiye, busasshiyar iskar da ke bisanta ta riƙa cinye gajimare tun bai yi tsawo ba. Ƙaramin sauyi a fuskar iska ma yana da tasiri: gangaren da iska ta bugo kai tsaye bara yana iya samun ta a karkace bana, sai ƙauyuka biyu da ke tsakanin tafiyar sa'a guda su ba da labarin damina iri biyu, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa.

Saura tambayar da ke ƙarƙashin wannan duka: wa ke juya waɗannan koguna na iska daga shekara zuwa shekara? Ruwa ba ya tsami banza. Sararin sama ba shi da dogon tunani, abin da ya faru a cikinsa yau yakan shafe cikin mako biyu. Teku ne ke riƙe zafi na watanni da shekaru, don haka shi ke jan akalar. Ɗamarar ruwan sama tana karkata ne zuwa ɓangaren duniya da ya fi ɗumi. A shekarun 1950, lokacin da arewacin Atilantika ya fi kudancinsa ɗumi, damina ta yi ta shiga arewa sosai, mutane suka buɗe gonaki a wuraren da a da makiyaya kaɗai ke zuwa. Daga ƙarshen shekarun 1960 al'amarin ya juya, arewacin tekun ya yi sanyi idan aka gwada da kudanci, Tekun Indiya kuma ya ƙara ɗumi, sai aka shiga farin 1968 zuwa 1974, sannan na 1982 zuwa 1984 wanda ya fi shi tsanani. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan, kuma a watan Yuni na 1985 Kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Kada a manta cewa waɗannan ruwaye daga tsaunuka suke fitowa: Kwara daga tuddan Gini, Logon da ke shayar da tafkin daga tudun Adamawa. Ƙafewarsu shaida ce cewa tsaunukan ma ba su sami abin tatsa ba.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai zargin da ya daɗe yana yawo. A 1975 masanin yanayi Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa ƙarewar ciyayi na sa ƙasa ta yi haske ta riƙa mayar da hasken rana sama, hakan kuma ya rage ruwa, sai mutane da yawa suka ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa kiwo da saran itace ne suka jawo farin. Amma a 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna alaƙar farin da zafin tekuna, sannan a 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka sa wa kwamfuta zafin tekunan duniya kaɗai na shekaru masu yawa, ba tare da sun sauya komai a doron ƙasa ba, sai ga shi ta fitar da shekarun ruwa da shekarun fari kusan yadda suka faru. Bincike da dama ya ƙara nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atilantika a wancan zamani. Lalacewar ƙasa tana ƙara wa fari zafi, wannan babu musu, amma ɗora wa makiyayi da mai gatari laifin abin da teku ya fara rashin adalci ne.

Kusa da gida kuma akwai mashigin tekun Gini. A al'ada ruwansa yana yin sanyi daga Yuni zuwa Agusta, kuma bambancin da ke tsakanin wannan sanyi da zafin hamada shi ke ƙara wa iskar bazara ƙarfin shiga arewa. Shekarar da ruwan ya ƙi yin sanyi, ɗamarar ruwa takan maƙale a kudu, garuruwan bakin teku su sha ruwa har ya ishe su, arewa kuma ta bushe. An ga haka a 1968, kuma a 1984 ma mashigin ya yi ɗumi fiye da kima. Filato da Mambila suna tsakanin waɗannan ɓangarori biyu ne, don haka wata shekara sukan bi halin arewa, wata shekara su bi halin kudu. Wannan ne dalilin da ya sa ba na ba mutumin Bokkos shawarar ya ɗauki hasashen da aka yi wa Sahel ya ɗora a kan gonarsa kai tsaye.

Game da abin da ka ji a rediyo, gaskiya ne, amma da sharaɗi. Masunta a gaɓar Peru su suka raɗa wa abin suna El Nino, wato yaron, suna nufin Annabi Isa, saboda ruwan ɗumin yakan bayyana musu wajen Kirsimeti. Duk bayan shekara 2 zuwa 7 ruwan tsakiya da gabashin Fasifik yakan yi ɗumi fiye da kima, sai manyan hadura da suka saba zama a kan Indonesiya su ƙaura gabas. Iskar da ta tashi a wani wuri dole ta sauka a wani wuri, kuma iska mai sauka murfi ce a kan gajimare. A lokaci guda daminar Indiya takan yi rauni, kogin iskar sama da na ambata ya rage gudu. Gilbert Walker, wanda ya karɓi shugabancin hukumar yanayi ta Indiya a 1904 bayan mummunan farin 1899, ya nuna cewa nauyin iska yana lilo tsakanin gabashi da yammacin Fasifik, kuma cikin abubuwan da ya ga suna tafiya tare da wannan lilo har da cikar Kogin Nilu. Sai a 1969 masanin yanayi Jacob Bjerknes ya bayyana yadda tekun da iskar ke tura juna.

Tsaunukan da wannan alaƙa ta fi bayyana a kansu su ne na Habasha. Babbar daminarsu, wadda suke kira kiremt, tana sauka daga Yuni zuwa Satumba, kuma daga waɗannan tsaunuka ake samun kimanin kashi 85 cikin 100 na ruwan Nilu da ke isa Masar. Saboda Misirawa sun daɗe suna auna cikar kogin, har ma'aunin da aka gina a tsibirin Rauda na Alƙahira a shekarar 861 yana nan tsaye, muna da dogon tarihin daminar waɗannan tsaunuka fiye da na kusan ko'ina. A 1877, shekarar wani gagarumin El Nino, cikar Nilu ta yi ƙasa ƙwarai. A 1972 an sake yin wani, yunwar yankin Wollo na Habasha ta biyo baya a 1973, daidai lokacin da Sahel ke cikin nata bala'in. An ga ƙarancin ruwa a 1982 da 1987, kuma a 2015 fari ya sa mutum sama da miliyan 10 a Habasha neman agajin abinci. Kishiyarsa, La Nina, wato lokacin da gabashin Fasifik ya yi sanyi, yakan zo da akasin haka: a watan Agusta na 1988 ambaliya ta mamaye Khartum, kuma a cikin watan ne madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a Kano. Sharaɗin da na ce shi ne wannan: 1984, shekarar da ta fi kowacce muni a Habasha da Sahel, ba shekarar El Nino ba ce. Fasifik murya ɗaya ce a cikin muryoyi da yawa, kuma a Afirka ta Yamma muryar Atilantika takan rufe ta.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne El Nino ɗin da ke busar da arewacin Habasha a watan Agusta shi ne yakan jiƙa kudancinta da tsaunukan Kenya daga Oktoba zuwa Disamba, musamman idan yammacin Tekun Indiya ya yi ɗumi a lokacin, domin iskar da ta saba kwashe danshi daga gaɓar Afirka zuwa gabas takan juyo da shi. An yi ambaliya a can a ƙarshen 1997 da 2023, kuma a 2019 ɗumin Tekun Indiya shi kaɗai ya wadatar. Da La Nina ta zauna daga 2020 zuwa farkon 2023, damina biyar a jere suka gaza a Somaliya da kudancin Habasha da arewacin Kenya, alhali a 2020 Nilu a Khartum da Kwara a Yamai sun yi cikar da ta karya tarihin ma'auninsu. Ƙasa ɗaya, tsaunuka ɗaya, sababi ɗaya, sakamako biyu, saboda lokacin damina da fuskar da danshi ke shigowa sun bambanta.

Tunda kai manomin dankali ne, bari in kai ka mahaifar dankalin. A tudun Andes na Peru da Boliviya, kewayen Tafkin Titikaka, mutane suna noma a tsayin mita 3,800. Yammacinsu hamada ce da teku mai sanyi, gabashinsu kuma kurmin Amazon ne mai cike da danshi, kuma daminarsu daga Disamba zuwa Maris take. Idan iskar sama ta busa daga gabas, tana taimaka wa danshin kurmi ya hau gangare ya iso tudu, sai a yi ruwa. Idan ta juya daga yamma, sai ta kawo busasshiyar iska ta danne shi. El Nino yana ƙarfafa iskar yamma a wurin, shi ya sa daminar 1982 zuwa 1983 ta zo musu da fari mai tsanani. Manoman can suna da wata al'ada: a ƙarshen watan Yuni sukan hau dutse kafin asuba su dubi taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta. Idan sun fito garau, sai su shuka a kan lokaci. Idan sun dushe, sai su jinkirta shuka da makonni. A 2000 wasu masana uku, Benjamin Orlove da John Chiang da Mark Cane, suka nuna cewa a shekarun El Nino wani siririn gajimare da ido ba ya gani yakan yaɗu can sama ya rage hasken taurarin, watanni kafin damina. Wato manoman suna karanta halin iskar sama ne da idonsu. Ina ambaton wannan ne don kada ɗalibanka su raina alamomin da tsofaffi ke lura da su. Abin da ya dace shi ne a rubuta su a gwada su da ma'auni na shekaru.

A Azbin kuwa, inda Dutsen Bagazam ya kai mita 2,022, lamarin ya fi tsanani, domin can ne bakin gatarin da na faɗa. Matsawar iyakar iskoki da digiri ɗaya ko biyu tana iya zama bambanci tsakanin shekarar da koramu suka yi gudu suka cika rijiyoyin lambunan albasa da lemo na Timiya da Tabelot, da shekarar da ba su yi ba. Idan kuma ruwan ya zo, dutse tsirara ba ya shanye shi, sai ya tattara shi ya sako wa kwari gaba ɗaya, kamar yadda ya faru da Agadas a farkon Satumba na 2009. Wani lokaci kuma saƙon tsauni yakan yi jinkiri a hanya: ruwan da ya sauka a tuddan Gini a watan Agusta sai ya ratsa fadamun Masina a Mali, ya zubar da lakarsa, sannan ya iso Yawuri da Kainji wajen Disamba zuwa Fabrairu, ana tsakiyar hunturu. Masunta da masu samar da lantarki a can suna cin daminar wata ƙasa ne bayan wata huɗu ko biyar.

Ɗumamar duniya ta shigo cikin lissafin ta wata ƙofa dabam. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100, kuma Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, abin da ke ƙara saɓanin iskar ƙasa da ta tsakiya. Wani nazari da Christopher Taylor ya jagoranta a 2017 ya nuna cewa hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ruwa ya farfaɗo bayan shekarun fari, amma ya dawo da wata ɗabi'a: yana zuwa da yawa a lokaci guda. Saboda haka jimillar milimita ta shekara tana iya nuna damina mai kyau, alhali an yi kwana 15 babu ɗigo lokacin da dankali ke saka 'ya'ya, sannan ruwan kwana biyu ya wanke kunyoyin da ke kan gangare.

Hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da wanda cibiyar AGRHYMET da ke Yamai ke haɗawa tare da hukumomin ƙasashen yankin kafin faɗuwar ruwa, a kan zafin waɗannan tekuna aka gina su, shi ya sa suke magana da harshen yiwuwa, ba na tabbas ba. Idan ka karanta su, ka duba abu uku: halin Fasifik, ko mashigin Gini ya yi sanyi a kan lokaci, da ranar da ake sa ran damina za ta kankama. Ka kuma tuna cewa kwamfutocin da ke yin lissafin suna raba duniya gida gida, kowane gida faɗinsa kilomita gommai, don haka a wurinsu gangaren Kagoro da saman Bokkos kusan wuri ɗaya ne. Wannan giɓi makaranta irin taku za ta iya cike shi da kuɗi kaɗan. Ku kafa ma'aunin ruwa a fili, nesa da bishiya da rufin aji, bakinsa a daidaice. Ku karanta shi kullum a sa'a ɗaya da safe, har ranar da ba a yi ruwa ba ku rubuta sifili. Ku ƙara da fuskar da iska ke busowa da safe, da fuskar da hadari ya taso, da ko hazo ya kwanta a kan duwatsu. Idan kuka sami wata makaranta a gindin gangaren kudu maso yamma da wata a ɓangaren Bauchi suka yi irin haka, bayan damina biyar ko shida littattafan uku za su nuna muku shekarun da iskar danshi ta yi kauri ta haye tudun, da shekarun da ta tsaya a gangare.